Sabuwar zuwa Maradi: ina ake sujada da Hausa?

Maman Tagwaye: Salama gare ku. Watanmu 2 da tasowa daga Jos, aikin maigida ya kawo mu, muna haya a unguwar Zariya. Can gida 'yan cocin ECWA ne mu. Nan kuwa ranar Lahadi sai zaman tagumi, yara suna ta tambayata yaushe za mu coci. Faransanci ko gaisuwa ban iya ba. Don Allah ina zan dosa?

Tsohon Mushe: 'Yata, kwantar da hankalinki. Ki nemi majami'ar EERN, wato Ikklisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar. Tushensu ɗaya da ECWA, duk daga mishan SIM suka fito. Waƙa da wa'azi da Hausa ake yi. Hausar tamu ce dai za ta ɗan ba ki wuya: makaranta lakwal, wutar lantarki kuran.

Baƙuwar Jiya: Yaya, ni ma haka na fara. Zumuntar mata ce ta riƙe ni. Daren da ɗana ya kwana da zazzaɓi, su suka raka ni likita, wata ta biyo mu da fura. Su suka fahimtar da ni dala sefa 5 ce, jaka kuma 1000. Kafin nan na sha kunya a kasuwa!

Maman Tagwaye: Na gode Baba. Ashe shi ya sa mai tumatir ya yi ta dariya jiya.