Bourbon mai araha: abin da masana harkar suka ce a duba

Da masana harkar suka zauna muhawara kan wuskin Amurka da ake kira bourbon, kusan bakin kowa ya zo ɗaya: tsada ba ita ce inganci ba, a karanta takardar jikin kwalba tukuna.

Dokar Amurka ta wajabta masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin da ake yin bourbon da shi, kuma a tsima wuskin cikin sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta. Daga wannan gawayin launin ja-ja da ƙamshin suke fitowa, a kwalbar talaka da ta attajiri duka.

Inda aka fi daɗewa shi ne tambarin "Bottled-in-Bond", na dokar 1897, wanda ke nuna an cika waɗannan sharuɗɗa: masana'anta ɗaya ce ta yi shi, cikin zango ɗaya na shekara, shekara 4 aƙalla a ganga, ƙarfin barasa kashi 50. An kawo misalin Evan Williams mai farar takarda, na kamfanin Heaven Hill a Kentucky. A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi, domin doka ce ta tsaya mata.

Wasu sun ja kunne cewa ƙarfin kashi 50 ba wasa ba ne, kuma araha kan sa mutum ya zarce kima.