Wayoyin bafal sun haɗu, amfili ya ƙone: me ya kamata ya kare shi?

Mai gyara a Zango: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Amfili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, na biki da na masallaci suna ta shigowa da ciwo ɗaya: silin waya ya taɓa ɗan'uwansa a bayan bafal (akwatin lasifika), manyan tiranzistocin fitar da sauti 2SC5200 da 2SA1943 sun tafi, fizibil kuwa, wato ƴar wayar da ke narkewa in wuta ta yi yawa, lafiya lau. Kowa ya faɗi abin da yake gani.

Dattijo daga Birni: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kafin fizibil ya narke tiranzisto ya riga ya mutu. Mai gadin babban tiranzisto shi ne ƙaramin tiranziston da ke kula da rezistans (mai rage gudun wuta) ɗin da ke kan ƙafar babban da ake kira emeta, om 0,22 mai wat 5. In wutar da ke kanta ta kai bolt 0,6, sai ya buɗe ya janye kuran daga baz, wato ƙafar da ke kunna babban. Wajen amfa 2,7 ke nan, shi ya sa ake raba wutar da rezistans biyu, kada mai gadin ya shaƙe sauti da wuri a bafal mai om 4. Abin da ke ci mini rai, wasu da sun ji sauti na yankewa sai su cire mai gadin ɗungurungum. Alhali laifin na wanda ya haɗa bafal huɗu masu om 8, kowanne kai tsaye a baki ɗaya ne, nauyin ya sauka om 2.

Mai shago kusa da Kasuwar Dole: Gaskiya ne, Baba. Rele kuma, wato makunnin da ke yanke bafal da kansa, mai tafiya da ƙwaƙwalwar tsaro uPC1237, bafal yake ceto idan wutar tsaye (DC) ta ɓalle zuwa bakin fita, ba tiranzisto ba. Ku guji jabun 2SC5200 ma. In ka fasa shi, ƙwayar ciki ƴar mitsitsiya ce.

Wani daga Garin Malam: Bayan gyara kada a jona kai tsaye. A sa ƙwan fitila mai zare na wat 100 a jere da wutar shiga. In ya haska ya dushe, madalla. In ya tsaya da haske, akwai saura: a duba direba, wato tiranziston da ke tura babban, da rezistans ɗin emeta, don tare suke mutuwa. A auna wutar tsaye a bakin fita, kada ta wuce milibolt 50.

Dattijo daga Birni: A hure ƙurar hunturu daga ƙarfen sanyaya, a sabunta farin man da ke tsakaninsa da tiranzisto. A zafin Afrilu na Damagaram, tiranziston da ya riga ya gasu ba ya jure taɓawar daƙiƙa ɗaya.