Ciyar da majinyacin tiyata: abin da ma'aikatan jinya ya kamata su koya

A wata tattaunawa da aka yi kan horar da ma'aikatan jinya na sashen tiyata, an fi daɗewa kan gane majinyacin da abinci bai ishe jikinsa ba tun kafin a shiga da shi ɗakin aiki. A auna nauyinsa ranar da aka kwantar da shi, a tambaye shi yadda cinsa yake. Wanda ya rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin wata 3 zuwa 6 yana cikin haɗari: ɗinkinsa kan jinkirta warkewa, ƙwayoyin cuta kuma su samu kafa.

An soki tsohuwar al'adar hana ci da sha tun tsakar dare. Ƙa'idojin yanzu sun yarda a ci har awa 6 kafin a ba da maganin sa barci don tiyata, ruwa garai kuma har awa 2, sai in likita ya hana.

Kan ciyarwa ta bututun hanci, a tabbatar bututun yana cikin tumbi, ba huhu ba, kafin a zuba komai, a kuma ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45.

Abin da na ga ya fi wuyar koyarwa shi ne haƙuri. Tausayi kan sa a cika wa wanda ya daɗe bai ci ba abinci nan take, alhali hakan na iya sauke sinadaran fosfet, fotashiyam da magnesiyam a jininsa har zuciya ta rikice. A fara kaɗan-kaɗan, a ba shi bitamin B1 tukuna, ana duba jini kullum.