Koyar da Turanci ga 'yan nazare ta hanyar wasa: abin da malamai suka tattauna

Malaman sun yi ittifaƙi cewa yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 ba ya jure zama, don haka minti 10 zuwa 15 sun isa, da sababbin kalmomi huɗu ko biyar. A riƙo abu na gaske, kofi, cokali, ƙwallo, a ɓoye a jaka, a ce "What is this?", yara su lalubo su faɗa.

Idan yaro ya ce "fen" maimakon "pen", kada a tsawata masa, harshenmu ne bai raba p da f ba. A maimaita daidai cikin fara'a, a sa takarda gaban baki ya ga iska na kaɗa ta. Mai shiru kuwa a ƙyale shi, kunnensa na aiki. Sun kuma soki hana Hausa a aji, domin tsoro ke rufe bakin yaro.