Shawara kan zuwa dausayin Siwa na ƙasar Masar

Baban Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. A watan Disamba zan kai mahaifiyarmu ganin likita a Alƙahira, kuma za mu samu kwanaki kaɗan tsakanin ganin farko da na biyu. An ce mini Siwa ta samu lambar yabo ta duniya a harkar yawon buɗe ido. Ina neman wanda ya san wurin ya faɗa mini inda ya dace mu sauka da abin da ya kamata mu gani.

Ɗan Azhar: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya. Maganar yabon gaskiya ce: a 2023 hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Siwa cikin ƙauyukan da suka fi fice a duniya, tare da ƙauyen Dahshur, shi ma na Masar, kuma tun 2016 hukumar abinci da noma ta Majalisar, wato FAO, ta amince da tsarin noman dabinonsu a matsayin gadon noma na duniya. Sai dai a lura, garin da mutanensa aka yaba wa saboda riƙe gine-ginensu da gonakinsu da harshensu na Siwi, ba wani otal ba, don haka duk mai masaukin da ya liƙa wannan yabo a tallarsa aron riga ya yi. Abin da ya fi damuna shi ne tafiyar. Daga Alƙahira ta Marsa Matruh ya haura kilomita 700, motar haya kan kwana a hanya, kuma kusan kilomita 300 na ƙarshe hamada ce zalla da shingayen jami'an tsaro, domin iyakar Libiya ba ta wuce kilomita 50 daga garin ba. Fasfo ya kasance a aljihu. A fara jin ta bakin likita ko Hajiya za ta iya wannan zama.

Hajiya Babba: Ni na je da jikokina, kuma na goyi bayan Ɗan Azhar a kan nisan tafiyar, shawarata a yada zango a Matruh maimakon a yi ta a dare ɗaya. Game da masauki, wanda sunansa ya fi tashe shi ne Adrère Amellal, a gindin wani farin dutse a bakin tafki, nesa kaɗan da gari. An gina shi da karshif, wato dunƙulen gishiri da laka, an yi rufi da itacen dabino, kuma babu wutar lantarki ko kaɗan, da kyandir da fitila ake kwana. Sarkin Ingila na yanzu ya sauka a can a 2006 yana yarima. Kuɗinsa kuwa sai mai hali.

Malam na Damagaram: Hajiya, a gafarce ni, amma mutumin da ya baro gida saboda ɗauke wuta ya je ya biya dala domin a kwantar da shi a duhu, ai sai a yi masa addu'a. Ga mai tafiya da dattijuwa marar lafiya, wadda wataƙila maganinta na buƙatar firji, ni Albabenshal ko Shali Lodge zan ce. Su ma ginin karshif ne, suna cikin gari, kusa da kasuwa da masallaci da kantin magani. Albabenshal ma a jikin tsohon garin Shali yake.

Hajiya Babba: Ka yi gaskiya, Malam, ban yi tunanin maganin ba. Shali ɗin kuwa ita ce abin gani na farko. Tun ƙarni na 13 aka gina ta, gidaje bisa gidaje, har ruwan sama na kwana uku a 1926 ya narkar da yawancinta, tunda gishiri ba ya shiri da ruwa. An gyara wani sashe da tallafin Tarayyar Turai, aka buɗe a 2020. Ku hau da la'asar sakaliya. Idan ka shafa bango za ka ji ƙwayoyin gishirin suna kartar tafin hannunka, daga sama kuma dabino ne iya ganinka. Tsohon masallacin yana nan da hasumiyarsa ta ƙasa. Hawan yana da matakala marasa daidaito, gara Hajiya ta zauna a ƙasa ta sha shayinta.

Ɗan Azhar: A ƙauyen Aghurmi, kusa da gari, akwai kufan haikalin gunkin Amun da Iskandar Mai Girma ya ziyarta a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai kaburburan Jabalul Mauta da idon ruwan da ake kira na Kiliyofatara, adaidaita sahu ɗaya zai zagaya da ku duka kafin azahar. Tafkunan gishirin da ake yaɗa hotunansu a Instagram ramukan haƙar gishiri ne, mutum ba ya nutsewa a cikinsu, amma mai rauni ko sabon ɗinki kada ya kuskura, kuma a tafi da ruwan daɗi na ɗauraye jiki. Shiga babban tekun rairayi zuwa Bir Wahid, wani idon ruwa a cikin hamada, sai da izini da direban gari.

Baban Biyu: Na gode ƙwarai. Hajiya na fama da sanyin ƙashi, kuma na ji ana binne jikin mutum a rairayi a can don magani. Ko za a samu?

Malam na Damagaram: A dutsen Dakrur ake yi, amma a tsakiyar lokacin zafi, wajen Yuni zuwa Agusta, lokacin da rairayin ya gasu, a Disamba ba za ku tarar ba, kuma masu ciwon zuciya ko hawan jini bai dace su gwada ba sai likita ya yarda. Abin da za ku tarar shi ne sanyin dare mai shiga ƙashi, don haka ku riƙe rigunan sanyi, ku tambayi masaukin tun kafin biya ko ɗakin yana da abin ɗumama da ruwan zafi. Ku canji kuɗi isassu tun daga Alƙahira, domin masu dabino da man zaitun a kasuwa tsaba suke karɓa.