Gigin tsufa: a bar tsoho a gidansa ko a ɗauko shi Maraɗi?

Majo, babban ma'aikacin jinya: Salamu alaikum. Ra'ayina shi ne, tsohon da gigin tsufa ya kama, barinsa a ɗakinsa na ƙauye ya fi ɗauko shi birni. Mafi muni kuma shi ne karɓa-karɓa: wata guda gidan ɗa a unguwar Zariya, wata guda gidan ɗiya a Ali Ɗan Sofo. Ciwon nan sabon abu yake fara gogewa, tsohon sani ya kan daɗe. Tsohuwar da ta shekara 50 a gida ɗaya, ƙafarta ta san hanyar makewayi ko cikin duhu. Ka kai ta gida mai masai na zama, ba za ta gane shi ba, sai ta tsuguna bayan ƙofa, a ce ciwo ya ci ƙarfinta, alhali sauyin wuri ne ya rikita ta.

Likita: Majo, na yarda karɓa-karɓa cuta ce, amma ƙauye ba kowane lokaci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu wannan lalura cutar Alzheimer ce, sai mai biye mata, wadda toshewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ke haddasawa. Wannan ta biyun hawan jini da ciwon suga ke hura mata wuta, dole a riƙa awo ana shan magani kullum. Ga kuma abin da ke kashe mutane: gigin tsufa a hankali yake tafiya, wata da watanni. In ka ga tsoho ya birkice cikin kwana ɗaya ko biyu, yana barcin da ba a saba ba ko yana ganin abin da babu, wani ciwo ne ya shigo: masassarar cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙishirwa ko faɗuwar suga. Ranar ake son a gwada jini da fitsari. Ƙauyen da ruwan damina ke yanke wa hanya, wa zai kai shi?

Hajiya, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a: Ku duka kuna maganar wuri, ni mai jinya nake tambaya. Gidan ƙauyen nan, maza sun tafi cin rani, an bar suruka da goyo, da daka, da ɗebo ruwa. Da la'asar zuwa magariba mai gigin tsufa ya fi tashin hankali, ya ɗauki sanda ya ce gida za shi, ko gona. Daidai lokacin tuwo yana kan wuta. Ga rijiya ba marfi, ga murhu. Kuma mu faɗi gaskiya, tsohuwar da aka tsinta da tsakar dare a ƙofar gidan wasu tana sambatu, akwai masu ce mata mayya.
In za a yi karɓa-karɓa, masu jinya ne za su yi, tsoho yana nan inda yake. Mutum ɗaya da ya saba da fuskarsa ya zama jigo, wani ya karɓe shi dare biyu ko uku a mako, a ba shi yini guda cur ya huta. Ƴaƴan da ke nesa su yanka abin da za su aiko kowane wata, a rubuta. A ɗinka suna da lambar waya a cikin riga, a sanar da mai unguwa da maƙwabta, a sa sakata can sama, a kuma rataya ƙararrawa a ƙofar zaure. Ɗauri da igiya kam a'a, yana ƙara firgita da gyambo.

Malam: Majo, ni ina tare da Likita. Aya ta 23 a Suratul Isra'i cewa ta yi idan tsufa ya riske su a wurinka. Nauyin na ɗa ne da ɗiya, malamai da yawa sun ce hidimar iyayen miji kyautatawa ce daga mace, ba a tilasta mata. To ɗan da ke Maraɗi ya bar uwa a hannun matar ƙanensa, yana aiken kuɗi kawai, ya sauke nauyin? Sannan a daina tsananta musu kan azumi da ƙidayar raka'a. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti.

Majo: Allah gafarta Malam, ɗa ma ai yana iya komawa wurin uwa. Amma in dole sai an ɗauko ta, a yi sau ɗaya, da wuri, tun tana iya koyon sabon gida. A zo da gadonta, da tabarmar salla, da butarta, da kwanon da take shan hura, a jera su yadda suke can. Ɗaki na ƙasa, kusa da makewayi, fitila a kunne duk dare, bokiti mai marfi gefen gado. A kwashe ƙananan darduma da ke sa tuntuɓe. Makonnin farko za ta yi ta cewa a mai da ita gida. Kar a yi musu da ita, a ce to, a ba ta wake ta tsince.

Likita: A makonnin nan ne ake kuskuren sayen maganin barci irin diyazefam wajen masu talla. Yana ƙara ruɗewa, ya kawo faɗuwa, ƙashin ƙugu ya karye, daga nan sai kwanciya. Asibiti kuwa na ciwon da ya taso ne, a yi magani a koma gida, da ɗan uwa a gefen gado. A zafin Afrilu da Mayu ba za ta ce tana jin ƙishi ba, a auna mata kamar lita ɗaya da rabi a yini, kofi-kofi, sai in likita ya taƙaita saboda zuciya ko ƙoda.

Hajiya: Majo, hujjarka tana da iyaka. Idan ciwo ya kai ga kwanciya, ɗakin ma ba ta gane shi. A lokacin ana juya ta kowane awa 2 don gudun gyambon kwanciya, a duba ƙugu da diddige kullum. Ci kuma a zaune, kunu mai kauri, cokali-cokali, ta ƙara rabin awa a zaune bayan ta gama. Tari wajen shan ruwa alama ce yana bi ta hanyar numfashi. Wannan aikin mutum biyu ne, dare da rana. Gidan da ke da mutum biyun nan, can za a kai ta, ko Tibiri ne ko cikin Maraɗi.