Shafin shagonmu na sola ba ya fitowa a Google: in sayi linki ko kuwa?

Mai shagon sola, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Muna sayar da faifan sola, inbata da batir a nan Katsina, muna kuma haɗa wa mutane a gidajensu. An yi mana shafin intanet da manhajar gina shafuka ta WordPress tun bara, amma in ka nemi "sola Katsina" a Google sai ka gaji da gangarawa ba ka gan mu ba. Wani ya ce mu biya ya sa mana linki dubu a wasu shafuka masu nuna namu cikin mako guda. Wani kuma ya ce mu yi ta maimaita "sola Katsina" a kowane feji. Wanne zan bi?

Mai gina shafuka, Sabuwar Unguwa:

Wa'alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna, duka biyun ba hanya ba ce.

Fara da duba ko Google ya ma san da shafin. Rubuta site: ka liƙa adireshin shafinka ba tazara, ka nema. In bai kawo komai ba, shiga Settings na WordPress, sannan Reading. Akwai wani ɗan akwati da ke hana injinan bincike ɗaukar shafin. Masu gini kan kunna shi lokacin aiki su manta. In yana kunne, ko linki nawa aka sa maka aikin banza ne. Daga nan ka yi rajista da Google Search Console, kyauta ne, ka tura masa sitemap ɗinka, wato jerin duk fejojin shafinka. Bayan 'yan makonni sashen Performance zai nuna maka ainihin abin da mutane ke rubutawa kafin su gan ka, da matsayin da kake. Kalmomin da kake tsakanin na 8 da na 20 a kansu, su za ka fara bi, don su ne a kusa.

Batun kalmomi, ƙa'idar ita ce kowace buƙata da fejinta. Mai neman farashin inbata daban, mai neman solar da za ta ja famfon rijiyar burtsatse daban, mai batirin da ya daina riƙe caji daban. Ka yi wa kowanne fejinsa. Kalmar ta fito a taken feji, a babban kanun, a sakin layi na farko da kuma adireshin fejin, ya isa haka. Taken kada ya wuce harafi 60 ko kusa da haka, in ba haka ba Google ya datse shi. Bayanin da ke ƙarƙashinsa kamar 155. A cikin fejin ka ba da amsa ta gaske: inbata 1.5kVA me da me za ta ɗauka, fanka nawa, firji ko a'a, faifai nawa take so. Maimaita kalma sau talatin kuwa yana cikin abubuwan da dokokin Google suka hana, akwatin meta keywords ma, inda ake jera kalmomi a ɓoye a bayan feji, tun 2009 suka ce ba sa kallonsa.

Kuma masu sayenka da Hausa da Turanci suke nema, wani lokaci a gauraye. In za ka iya, yi feji a kowane harshe, kada ka cakuɗa su wuri guda.

Malamin kwamfuta, Daura:

Na yarda da abin da ɗan'uwa ya faɗa, bari in ƙara a kan linki.

Linki yana da tasiri, a kansa aka gina Google tun farko: shafin da ya nuna ka kamar ya tsaya maka shaida ne. To amma waye mai shaidar? Dubun da za a sayar maka daga wurin sharhi na shafukan da aka yi watsi da su suke fitowa, da shafukan da aka buɗe don wannan sana'ar kawai, wasu da Rashanci, wasu na caca. Tun sabuntawar da ya yi wa tsarin bincikensa a 2012, mai suna Penguin, Google ke farautar irinsu. Yanzu galibi share su yake yi kamar babu, kuɗinka ya tafi ke nan. In abin ya yi yawa ma'aikacinsu na iya hukunta shafin da hannu, sai ka ga sanarwa a sashen Manual actions na Search Console. Abin da ke saurin tona asiri shi ne ɗaruruwan linki su bayyana rana ɗaya, duk da rubutu iri ɗaya, "sola Katsina".

Guda biyar na kirki sun fi su. Kamfanin da kake sarin inbata a wurinsa, in yana da jerin dilolinsa, ka ce a sa ka. Makaranta ko asibitin da ka haɗa wa wuta, in suna da shafi, su ambace ka a labarin aikin. Jaridun intanet na Hausa kan ɗauki rubutu mai amfani, misali yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin faifai da yadda ake wanke shi ba tare da an karce gilashin ba. In talla ce ka biya, a sa wa linkin alamar sponsored mai nuna an biya shi, wadda Google ya fito da ita a 2019. Na Facebook kuwa yana kawo mutane, amma alamar nofollow gare shi, mai gaya wa Google kada ya ɗauke shi a matsayin shaida, kada ka lissafa shi a ƙarfin shafi.

Akwai linki na cikin shafinka da ba ka biyan ko sisi: fejin inbata ya nuna na batir, na batir ya nuna na haɗawa, da kalmomin da ke faɗin inda za a je, ba "danna nan" ba.

Mai tallan kasuwanci a intanet, Ƙofar Marusa:

Malam, ni a ganina kun tsallake abin da ya fi sauri. Wanda ya nemi sola da wayarsa a cikin Katsina, taswira ce ke fara fito masa da shaguna uku, kafin shafukan. Wannan daga Google Business Profile yake, wato rajistar shago a taswirar Google. Alhaji ya buɗe, ya tabbatar da shagon, ya zaɓi rukunin sana'a daidai, ya sa lokutan buɗewa da hotunan aikinsa na gaske. Suna, adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya a ko'ina. Kada a cusa kalmomi cikin sunan shago, ana dakatar da mutum a kan haka. Duk wanda aka gama wa aiki a tura masa linkin sharhi ta WhatsApp, amma ban da sayen sharhi.

Sai nauyi. Hoton waya kan kai megabait 4, mai ƙaramar data ba zai jira ba. A rage shi ƙasa da kilobait 200, a mayar WebP, nau'in hoto marar nauyi, a gwada saurin shafin a PageSpeed Insights na Google. Babban abin da ke fejin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5.

Mai shagon sola, Ƙofar Ƙaura:

Allah ya saka da alheri. Muna zuwa aiki Jibiya, Dutsin-Ma da Funtuwa. In kwafi feji ɗaya in riƙa canza sunan gari?

Malamin kwamfuta, Daura:

A'a, Alhaji. Google na gane kwafi, ya zaɓi ɗaya ya bar sauran, kuma yana cikin abin da ya hana. Garin da kake da hotunan aiki, kuɗin kai kaya da lokacin isowa, yi masa fejinsa. Sauran ka jera su a feji guda. Ka ba gyaran wata uku zuwa shida, kana duba Search Console duk ƙarshen wata.